Aureol, tsohon jirgin ruwan Ikko, da hanyar gyaɗar Magariya zuwa teku

A shekara ta 2001 aka kai wani tsohon jirgin ruwa gaɓar Alang, a yammacin ƙasar Indiya, aka kafe shi cikin laka, ma'aikata suka hau shi da wutar yankan ƙarfe. Sunan da ke rubuce a goshinsa Marianna VI, amma tsofaffin ma'aikata da ɗaliban Afirka ta Yamma da sunan Aureol suka san shi. Shi ne jirgin fasinja na ƙarshe da ya yi jigila a kai a kai tsakanin Ingila da Ikko, wato Legas, tashar da gyaɗar Magariya ta riƙa fita ta cikinta shekara da shekaru. Labarinsa ya shafi duk ɗan kasuwar da kayansa ke kwana a bakin teku, da duk ma'aikacin da ke buga hatimi a takardun kayan.

Magariya da teku

Mutumin Dungas ko na Bande yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da babban ruwan da ya sani bai wuce tabkin damina da fadamar Korama ba. Amma fa teku ta daɗe da shiga rumbunsa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawan kamfani suka buɗe sayen gyaɗa, noman ya bazu har ya ƙetare iyaka zuwa kudancin Damagaram, inda jigawa ta karɓe shi sosai. Magariya da Matamai suka zama cibiyar gyaɗa a gabashin Nijar. Da kaka ta yi sai a kafa sikeli a kasuwanni, dillalan CFAO da SCOA da sauran kamfanoni su auna, a ɗura a buhu, raƙuma da jakai, daga baya manyan motoci, su nufi kudu.

Tsakanin Magariya da Kano ba a kai kilomita 200 ba, daga Kano zuwa Ikko kuwa hanyar jirgin ƙasa ta haura kilomita 1,100. Hanyar Kotonu ta fi wannan nisa ƙwarai. Sabili da haka, ko da Faransa ta ƙirƙiro shirin da ta kira Hirondelle a 1953 domin karkata gyaɗar Nijar zuwa Paraku da Kotonu, yawancin ta gabas ta ci gaba da bin Kano, ta kwana kusa da dalar gyaɗa, ta sauka tashar Apapa, jiragen dako su kwashe ta zuwa matatsun mai na Faransa. Kamfanin SONARA, wanda gwamnatin Nijar ta kafa a 1962, shi ma da wannan hanya ya yi aiki. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take sayarwa waje.

A wannan tasha ta Apapa, kusa da inda ake lodin buhunan, wani farin jirgi mai bututun hayaƙi rawaya yakan tsaya lokaci lokaci. Shi ne Aureol.

Masu jirgi da ikonsu

Jirgin na kamfanin Elder Dempster ne, na birnin Libaful, wanda ya riƙe ragamar sufurin teku na Afirka ta Yamma tun ƙarni na 19. Ikon kamfanin ya wuce jirage kawai. A 1894 shugabansa Alfred Jones ya kafa bankin Ingila na Afirka ta Yamma, a 1895 kuma ya haɗa kai da kamfanin Woermann na Jamus suka kafa ƙawancen da ke yanke kuɗin dako. Dabarar da suka yi abin lura ce ga kowane ɗan kasuwa: wanda ya ba jiragensu kayansa kaɗai za a mayar masa da kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ya biya, amma sai bayan watanni, in kuwa kafin lokacin ya saka ko da kaya ɗaya a jirgin wani, kuɗin ya bi ruwa. Da haka suka ɗaure abokan cinikinsu ba da igiya ba. Duk abin da aka ƙara a kan dako, a kan farashin manomi yake sauka a ƙarshe, ko da manomin bai taɓa ganin teku ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ya sa aka ƙera masa jiragen fasinja uku domin maye gurbin waɗanda ya rasa: Accra a 1947, Apapa a 1948, sai Aureol, babbansu kuma autansu. Masana'antar Alexander Stephen ta birnin Gilasgo ce ta ƙera shi, aka tura shi ruwa a watan Maris na 1951, ya yi tafiyarsa ta farko a watan Nuwamba. An raɗa masa sunan wani dutse ne da ke saman birnin Firitawun na Saliyo. Tsawonsa mita 164, faɗinsa mita 21, girmansa tan dubu 14 da ɗoriya a ma'aunin jiragen ruwa, yana ɗaukar fasinja sama da 300.

Daga saman jirgi zuwa ƙasansa

Wanda ya hau matakalar Aureol tamkar ya shiga gari ne mai hawa hawa, kowane hawa da mutanensa. Can ƙololuwa ɗakin tuƙi yake, inda kyaftin da mataimakansa ke tsayuwa dare da rana, ga sitiyari, ga kamfas, ga taswirori, ga na'urar da ake aika umarni da ita zuwa ɗakin inji. Bayan wannan sai bututun hayaƙi, da jerin kwalekwalen ceto rataye a dama da hagu.

Ƙasa da nan ne masaukin ƴan aji na ɗaya: zauren hira mai bango na katako mai sheƙi, ɗakin karatu, wurin shan iska, da tafkin wanka a sarari. A farkon shekarun 1950 yawancin masu waɗannan kujeru Turawan mulki ne masu zuwa hutu ko dawowa, da wakilan kamfanoni, da ƴan mishan. Aji na biyu yana wajen baya, ɗakunansa sun fi ƙanƙanta, ƙarar inji ta fi kusa. Sannu a hankali fuskokin suka sauya. Ɗalibai masu zuwa koyon aikin likita da shari'a, sarakuna, ƴan siyasa masu zuwa taron tsarin mulki, ƴan kasuwa, duk suka riƙa cika jiragen nan uku da akwatunansu na ƙarfe. Tafiya takan ci kusan mako biyu, ana yada zango a birnin Las Palmas, da Firitawun, da gaɓar Gana, kafin a shiga Ikko. A cikin waɗannan kwanaki mutum yakan ci abinci tebur ɗaya da wanda a tudu ba zai iya ko gaishe shi ba, kuma zumunci da yawa na ƴan boko na farko a nan ya ƙullu.

Gaba da baya akwai manyan ramukan kaya da ƙugiyoyin ɗagawa. Jirgin wasiƙa ne, shi ke kawo buhunan gidan waya, haɗe da motocin ma'aikata da kayan kanti masu tsada. Can ƙarƙashin ruwa kuma ɗakin inji yake, inda injinan gazuwal biyu ƙirar Doxford ke juya farfela biyu. Gudunsa kilomita 30 ne a awa, bai fi na babur a cikin gari ba, sai dai ba ya tsayawa, dare da rana.

A wannan ƙasan, cikin zafi da ƙaurin mai, da kuma cikin madafa da ɗakin wanki, baƙaƙen fata ke aiki: ƴan Najeriya, da ƴan ƙabilar Kuru na Saliyo da Laberiya waɗanda aka san su da aikin teku. Albashinsu da makwancinsu ba ɗaya ba ne da na Turawa. A watan Yuni na 1959 ma'aikatan jirgin Apapa ƴan Najeriya suka ajiye aiki a Libaful saboda wariyar da ake nuna musu, har gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike. A shekarar ce kuma Najeriya ta kafa nata kamfanin jiragen ruwa, bayan Gana ta kafa Black Star a 1957.

Yadda sama ta kashe teku

Abin da ya kayar da Aureol daga sama ya zo. A watan Afrilu na 1964 jirgin sama ƙirar VC10 ya fara jigila tsakanin Landan da Ikko, tafiyar mako biyu ta koma ta yini guda. A ɓangaren ƙasashe masu Faransanci kamfanin Air Afrique, wanda aka kafa a 1961, ya yi irin wannan aiki. Gwamnatoci suka daina biya wa ma'aikatansu kuɗin jirgin ruwa, tun da kwanakin tafiya ma albashi ake biya. Aka rushe Accra a 1967, aka sayar da Apapa a 1968, Aureol ya rage shi kaɗai. A watan Maris na 1972 ya bar Libaful ya koma tashar Southampton. Daga nan farashin man fetur ya ninka sau huɗu tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974, tashar Ikko kuma ta fara cushewa, jirgi ya yi kwanaki yana jiran wurin tsayawa. Jirgin da ke da ranar tashi da ranar isa ba ya jure wannan. A watan Oktoba na 1974 ya sauke fasinjojinsa na ƙarshe. Shekara guda bayan haka cunkoson ya kai matuƙa, inda ɗaruruwan jirage ɗauke da siminti suka yi watanni a bakin Ikko.

Shekarun nan su ne kuma suka karya gyaɗar Magariya. Faransa ta janye farashin gata da take sayen gyaɗa da shi a ƙarshen shekarun 1960, fari ya biyo baya a 1973 da 1974, cutar da ke murƙushe ganyen gyaɗa ta gama da sauran a 1975. Manoma suka koma gero da wake, yuraniyom na Arlit ya karɓe matsayin gyaɗa a baitulmali, dalar Kano ta ɓace, matatsar mai ta SEPANI da ke Magariya ta rasa abin tatsa. Jirgin da buhun, kusan lokaci guda suka bar tashar Apapa.

Tsufa a Jidda

Wani attajirin Girka mai suna Yannis Latsis ya sayi jirgin, ya sauya masa suna zuwa Marianna VI. Latsis ya saba da tsofaffin jiragen fasinja, domin ya yi jigilar alhazai da su, kuma kamfaninsa na Petrola yana da manyan ayyukan gini a ƙasar Makka. Daga 1975 Aureol ya zama masaukin ma'aikata a tashar Jidda, a ɗaure wuri ɗaya. Tashar ce wadda alhazan Damagaram na da suke sauka, bayan sun yi watanni ko shekaru a hanyar Cadi da Sudan, sun ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin. A 1980 aka mayar da shi Rabig, kusa da miƙatin Juhufa, ya ci gaba da wannan aiki. A 1989 aka kai shi mashigin Eleusis, yamma da birnin Atina, inda ake jibge jiragen da aikinsu ya ƙare, ya yi shekara 12 a can.

Da yake masauki kawai aka mayar da shi, ba a taɓa fasalin cikinsa sosai ba. Masu sha'awar tarihin jirage da suka shiga cikinsa a Eleusis sun tarar da katakon zaurukansa da kayan ɗakunansa yawanci yadda aka bar su tun zamanin Elder Dempster. Amma tsufan jirgi daga inda ido ba ya gani yake farawa. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe kullum, farantan ƙasa suna sirancewa, bututun ruwa suna toshewa da tsatsa, wayoyin lantarki suna bushewa. Dokar teku ta wajabta babban bincike duk shekara biyar, a fitar da jirgi daga ruwa a auna kaurin ƙarfensa, in bai cika ba babu takarda, in babu takarda babu inshora. Kayan gyara ma sun zama wahala, tun da kamfanin Doxford ya daina ƙera inji a 1980. Katakon nan da ke ba mutane sha'awa shi kansa laifi ya zama, domin dokokin kare rayuka a teku, waɗanda asalinsu ya faro bayan nutsewar Titanic a 1912, sun yi ta tsananta a kan abin da ke kama wuta, har zuwa 2010 lokacin da suka rufe ƙofa ga yawancin jiragen da ke da irin wannan ado. Duk mai tsohuwar babbar mota ya san lissafin: ranar da kuɗin gyara ya wuce abin da take kawowa, sai a fara tambayar nawa ake sayen kilon ƙarfe.

Maƙabartar jirage

Alang tana jihar Gujarat, kuma tun 1983 ake rushe jirage a can. An zaɓe ta ne saboda ruwan tekunta yana cika ya janye da nisa: in ya cika a turo jirgi har gaɓa, in ya janye jirgin ya zauna a laka. Daga nan sai a fara da abin da ke cirewa, kujeru, gadaje, kwanuka, ƙararrawa, injinan lantarki, a baje su a shagunan bakin hanya. Sannan a yanka gangar jikin gunduwa gunduwa, a kai masana'antu su mayar da ita rodin gini. Aikin yana da haɗari, ga faɗuwar ƙarfe, ga gobara, ga ƙurar asbestos mai lalata huhu. Yarjejeniyar Hong Kong ta 2009, wadda ta tsara yadda za a rushe jirgi ba tare da cutar da ma'aikaci da muhalli ba, sai a watan Yuni na 2025 ta fara aiki. Aureol ya riga ta da shekara 24. Shi kansa kamfanin Elder Dempster an sayar da shi ga Delmas na Faransa tun 1989, kamfanin jiragen Najeriya kuma ya rushe a 1995.

Takwarorinsa na Faransa

Ƴan Nijar na zamanin mulkin mallaka, ɗalibai da ma'aikata da sojoji, jiragen Faransa suka fi shiga, daga Dakar ko Abijan ko Kotonu zuwa Marsai da Bordo. Kafin a buɗe tashar Kotonu mai zurfi a 1965, jirgi can nesa yake tsayawa, a saka fasinja cikin wani babban kwando, ƙugiya ta ɗaga su daga gadar ƙarfe ta sauke cikin kwalekwale. Jirgin Jean Mermoz na 1957, wanda ya yi wannan hanya, an mayar da shi na yawon shaƙatawa a 1970, ya yi aiki har ya haura shekara 50, shi ma ya ƙare a Alang a 2008.

Ɗaya daga cikinsu ya tsira. Ancerville, wanda Janar de Gaulle ya tura ruwa a 1962, ya yi jigila tsakanin Marsai da Dakar har 1973, ƙasar Sin ta saye shi ta raɗa masa Minghua. Ya kai ma'aikatan Sin Tanzaniya lokacin gina hanyar jirgin ƙasa ta TAZARA, a 1983 kuma aka ɗaure shi a Shekou, cikin birnin Shenzhen, inda Deng Xiaoping ya ziyarce shi a watan Janairu na 1984. Daga baya aka cike tekun da ke kewaye da shi da ƙasa, gine-gine suka tashi, jirgin ya zama a tsakiyar gari, babu hanyar fita teku. Ɗan kasuwar da ya je sarin kaya Guangzhou yana iya zuwa ya gan shi ya dawo a yini guda. Mai zuwa Dubai kuwa zai tarar da Queen Elizabeth 2, jirgin Ingila na 1969, a tashar Rashid, inda aka buɗe shi a matsayin otal a 2018.

Abin da ya rage

Fasinja sun koma sama, amma kaya suna nan a teku. Shinkafa, atamfa, babura, magani, kayan gyaran mota, kusan duk abin da ke shagunan Magariya da Dungas wanda ba a gona ya fito ba, cikin kwantena ya iso wata tasha. Riɗin da ake nomawa a yankin shi ma yana bin tsohuwar hanyar gyaɗa, ta Maigatari ko Baɓura zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, daga nan Ikko, daga nan Asiya. Jiragen ba na Nijar ba ne, tashoshin ba nata ba ne, kuɗin dako kuma a wasu birane ake yanke shi, kamar dai a 1895. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta amince cewa ƙasar da ba ta da gaɓa tana da haƙƙin isa teku ta cikin maƙwabtanta, bisa yarjejeniya tsakaninsu. Amma ƴan kasuwar kan iyaka sun ga yadda takarda ke kwanciya in siyasa ta tashi. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Takunkumin CEDEAO da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sake toshe ta har zuwa Maris 2024, kayan Nijar suka koma zagaye mai nisa ta Lome da Burkina Faso, kowane kilomita da aka ƙara kuwa mai saye ne ya biya shi a kasuwa. A ɗaya gefen, an ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina a watan Fabrairu na 2021, an kuma buɗe tashar tudu ta Dala a Kano a watan Janairu na 2023, domin a riƙa kammala takardun duwan na kwantena a can maimakon Ikko.

Daura da Kano duk suna kusa da Magariya, nesa ba kusa ba in aka kwatanta da Kotonu ko Lome. Ko riɗin Dungas zai ci moriyar wannan kusanci, ya danganta da abubuwan da ke hannun hukumomi da ƙungiyoyin ƴan kasuwa: hanyar mota mai kyau zuwa iyaka, rage shingayen da ake tsayar da lodi, rubutacciyar yarjejeniyar wucewar kaya da ɓangarorin biyu za su mutunta, da kuma haɗa kaya wuri ɗaya domin a cika kwantena a yi cinikin dako da murya ɗaya. Manoman gyaɗa na shekarun 1950 ba su da ta cewa a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jikokinsu masu riɗi da wake suna da ɗakin kasuwanci da za su iya kai maganar.